Nazarin Lamari: Tsinkewar Fim a Wani Gidan Silima na Unguwa a Kano, 1993 zuwa 1995

## Gidan da zamaninsa

Gidan silimar yana wata unguwa ce a wajen ganuwar Kano. Ba zan faɗi sunansa ko na mai shi ba, tunda iyalansa suna nan da ransu. Na fara aiki a cikinsa ina ɗan shekara 15, a dogon hutun 1993, na zauna har na kammala sakandare. Matsalar da ta same shi ita ce fim ya riƙa tsinkewa ana tsakiyar kallo, yau da gobe, har 'yan kallo suka fara ƙaurace masa.

Gini ne irin na yawancin silimun Kano na lokacin. Doguwar katanga ce ta kewaye fili, babu rufi sai 'yar rumfar kwano a baya inda kujeru masu tsada suke, gaba kuma bencinan katako. Allon kallon bango ne da aka shafe da farin fenti. Saboda rashin rufi ba a fara haskawa sai duhu ya kankama, bayan sallar isha'i. In gidan ya cika yakan ɗauki mutum wajen 800, kusan dukansu maza ne: yaran shago da suka tashi daga Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, teloli, leburori, 'yan acaɓa, da 'yan makaranta da suka sulale daga gida. Fim ɗin Indiya ne ke kawo kuɗi, na Cana ya biyo baya, na Amurka kuwa cike gurbi ne. Mutanenmu sun san jaruman Indiya kamar 'yan unguwa, har laƙabi suka sa musu. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Gidanmu bai kai Plaza ko Orion ko Eldorado ko Marhaba suna ba, kuma sai fim ya gama zaga manyan gidaje yake iso mu.

Sana'ar silima ba ta taɓa zama da gindinta a garin ba. Tun 1937 aka buɗe Rex, amma da aka zo buɗe Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, malamai da dattawan cikin birni sun yi adawa mai zafi. Ranar 13 ga Mayu 1951 kuwa, gobara ta tashi a silimar El Duniya ta hallaka mutum 331. A zamanin da nake magana akwai tsofaffi a unguwar da suka rasa 'yan uwa a wannan wuta. Don haka hayaniyar gidan silima ba a ɗaukarta kamar ta filin ƙwallo. Duk daren da aka yi jifa, washegari mai unguwa zai aiko a kira manaja.

Ga kuma halin kuɗi. Faya-fayan fim da kayan gyaran inji duk daga waje ake sayo su da dala. A 1985 naira ɗaya ta kai dala ɗaya daraja. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 naira ta yi ta faɗuwa, a 1994 dala ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati, a hannun 'yan canjin Wapa kuwa ta wuce haka nesa. Sai dillalan fim suka rage shigo da sababbin kwafi, tsofaffin suka ci gaba da zagayawa, masu gidaje kuma suka daina maganar sayen kayan inji.

## Yadda aikin yake tafiya a 1993

Mu uku ne a ɗakin majigi. Akwai babban ofareta, dattijon da ya koyi aikin a hannun Kwarori, kowa Baba yake ce masa. Akwai mataimakinsa, magidanci mai 'ya'ya uku. Ni kuma ina teburin naɗi. Kawuna ne ya kai ni, mahaifina ya yarda da ƙyar, bisa sharaɗin kada a taɓa jin na rasa sallar asuba ko na makara makaranta.

Dole a fahimci injin kafin a fahimci matsalar. Zaren fim ɗin mai faɗin milimita 35 ne, yana wucewa ta gaban haske hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato wajen mita 27 a minti guda. Fim ɗin Indiya na awa uku ya kusa kilomita 5 tsawo. Ba ya zuwa a dunƙule, a rarrabe yake zuwa cikin gwangwanaye, mu kuma mu hau da shi kan faifai takwas ko tara, kowanne na kamar minti 20. Shi ya sa ake da inji biyu. Faifai na ɗaya yana tafiya a injin hagu, na biyu yana jira a injin dama. In faifai ya kusa ƙarewa wani ɗan ɗigo yakan bayyana a kusurwar allo ta sama daga dama, ofareta ya tada ɗaya injin. In ɗigo na biyu ya fito sai a juya haske da sauti lokaci guda. In aka yi daidai, mai kallo ba zai san an canza ba. Hasken kuwa daga sandunan kabon biyu yake fitowa, suna ci da wuta a cikin akwatin ƙarfe, ga zafi kamar a gasa mutum, kuma sai ana matsar da su a kai a kai don suna ƙonewa.

A gefe biyu na zaren akwai 'yan ramuka, huɗu a kowane gefe na kowane hoto. A ƙarƙashin ƙofar da haske ke ratsawa akwai wani ɗan gargare na ƙarfe mai haƙora 16 a kowane gefe. Shi ne ke fizgo zaren. Yakan juya rubu'in zagaye, ya sauko da hoto ɗaya, ya tsaya cak, ya sake fizga, sau 24 a daƙiƙa. A fim ɗin awa uku fizga ce sama da 250,000 tsakanin injinan biyu. Ita kuma ƙofar tana da sifirin da ke matse zaren don kada ya zame ya wuce inda aka tsayar da shi, da ɗan sukurun da ake ƙara matsin ko a rage.

Aikina shi ne in karɓi faifan da ya gama, in mayar da shi farko da injin hannu, in rufe shi a gwangwani. Da rana kuma in share fili, in liƙa fasta a allon ƙofa, wani lokacin in bi mai kura muna zaga unguwa da tallar fim ɗin dare.

## Hunturun 1993 zuwa Fabrairu 1994: farkon abin

Kafin wannan lokaci fim yakan tsinke, amma jefi-jefi, kamar sau ɗaya a mako ko biyu. 'Yan kallo su yi ihun “Ofareta! Ofareta!”, a gyara cikin 'yan mintoci, a ci gaba. Kowa ya saba.

A watan Disamba hoton injin dama ya fara rawa, yana ɗan tsalle sama da ƙasa. Baba ya duba, ya ƙara matse sukurun ƙofar, rawar ta tsaya. Bayan 'yan makonni ta dawo, ya sake ƙarawa. A daidai wannan lokaci hazo ya rufe gari, ƙura tana shiga ɗakin ta tagogin haske, zaren fim ya bushe har in ka lanƙwasa shi kana jin ƙaras. Tsinkewa ta ƙaru zuwa kusan kowane dare. Kowa ya ce hunturu ne, in sanyi ya wuce za ta wuce. Azumi ya kama a tsakiyar Fabrairu, aka rufe gidan kamar yadda aka saba kowace shekara, ba a taɓa injinan ba.

## Ƙaramar Salla, Maris 1994

Makon Salla shi ne kakar gidan silima. Daren farko gidan ya cika har kan katanga. Fim ya tsinke sau biyu kafin a kai rabi. A karo na uku bai tsinke gaba ɗaya ba, ramukan gefe ne suka yage, zaren ya maƙale a ƙofar haske. Hoto ya tsaya a allo, fuskar jarumar ta fara kumfa, wani baƙin rami mai jan baki ya buɗe a tsakiyarta yana faɗaɗa. Abin da ya ƙone bai fi faɗin babban yatsa ba, kuma irin zaren da ake amfani da shi tun shekarun 1950 narkewa yake, ba ya kama wuta irin na da. Amma a bango an ga abin ya kai girman ɗaki. Wani ya ƙwala ihu, “Wuta!”

Mutane suka yi kan ƙofa. Ɓangare ɗaya na ƙyauren a kulle yake saboda masu kutse ba tikiti. Aka tattake bencina, aka tattake mutane. Babu wanda ya mutu, alhamdu lillahi, amma an kai wasu asibiti, ciki har da yaro mai tallar rake da ya karye a hannu. Waɗanda suka fita suka ga babu wuta, sai suka dawo da duwatsu. Muka kwanta a ƙasan ɗakin majigi muna jin su a kan kwano.

Washegari dattawan unguwa suka zauna da mai gidan. An bar shi ya ci gaba bisa alkawarin ƙyaure zai kasance a buɗe duka biyun muddin akwai mutum a ciki. An cika wannan alkawari har ranar da gidan ya daina aiki.

## Afrilu zuwa Oktoba 1994: abubuwan da aka gwada

Da farko manaja ya tafi ofishin dillalin da ke ba mu hayar fim, ya ce rubabbun kwafi ake turo mana. Amsar da ya kawo ita ce babu sababbi, kowa irinsu yake haskawa, kuma ma'aikacin ofishin ya ce faya-fayanmu sun fi na kowa dawowa da rauni. A ɗakin majigi aka ɗauki wannan a matsayin kare kai irin na ɗan kasuwa.

Sai aka koma neman hanyar gyara cikin sauri. Haɗi na ƙa'ida yana cin lokaci: a yanke a kan layin hoto daidai, a kankare fatar gefe ɗaya da reza, a shafa gam ɗin fim, a danne har ya kama. In aka kuskure layin, sai a ga kawunan mutane a ƙasan allo ƙafafunsu a sama. Manaja ya sayo salatif na kanti ya ce a riƙa liƙawa da shi. Ya rage jira daga minti huɗu ko biyar zuwa minti guda. Amma zafin fitila yana narkar da gam ɗin salatif, ya tsattsafo, ƙura ta manne, duk ya taru a ƙofar haske ya zama dauɗa mai tauri. Hotuna suka fara fitowa da dogayen zane daga sama zuwa ƙasa, haɗin kansa kuma yana buɗewa a dare na biyu.

Daga nan aka ce a riƙa cire duk wurin da ya yi rauni tun da rana. Almakashi ya yi aiki ƙwarai a watannin nan. Inda aka fi samun rauni shi ne wurin waƙoƙi da faɗan ƙarshe, don a wasu gidajen akan maimaita su in jama'a sun matsa. Mutanenmu kuwa suna da kaset ɗin waƙoƙin a gida, sun haddace su baiti-baiti ko da ba sa jin yaren. In aka tsallake baiti guda, gidan gaba ɗaya ya sani. Ihun ya tashi daga “Ofareta!” ya koma “Ɓarayi!”, har da zagin uwa da uba. Wani tela da ya shekara da shekaru yana zama a benci na uku ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, “Kai yaro, gaya wa Baba, kuɗin fim cikakke muka biya.” Bai ƙara dawowa ba.

An ɗauko ƙarti huɗu masu gora su tsaya a gefen fili. Jifa ya ragu. Masu zama a kujerun baya, waɗanda tikitinsu ya ninka na benci, su ma suka ragu, domin magidanci ba ya son ya biya kuɗinsa ya zauna ana zazzare masa ido.

A watan Yuni da farkon Yuli ciniki ya faɗi zuwa kamar rabin na bara. Lokacin ne Nijeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya, a Amurka, kuma wasannin da dare suke zuwa mana. Mai gidan ya ce ƙwallo ce ta ɗauke mutane. Aka gama gasa, mutane ba su dawo ba.

Wani mai gyaran lantarki ya ba da shawarar cewa wutar da ke hawa da sauka ce take sa injin fizga. Alhaji, mai gidan, ya sayo babban janareto na hannu, ya kashe kuɗin da bai taɓa kashewa a gidan ba. Ba a daɗe da girka shi ba ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki a watan Yuli kan rikicin zaɓen 12 ga Yuni, yajin da ya kai farkon Satumba, mai ya yi wuya a ko'ina. A Oktoba litar fetur ta tashi daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 11, man gas ma ya bi sahu. Janareton ya yi amfani a daren da aka ɗauke wuta. Amma a dararen da aka yi kallo da shi daga farko har ƙarshe, fim ya tsinke kamar kullum.

Abu na ƙarshe shi ne korar mataimakin Baba. Shi ke tsayawa a injin dama, kuma an fi ganin tsinkewa a wajensa. Manaja ya ce ba ya iya saka zare. Baba ya roƙa masa, ya ce, “Ranka ya daɗe, shekara tara muna tare da yaron nan, hannunsa ba shi da laifi.” Aka ce to laifin wa ke nan? Baba ba shi da amsa. Mutumin ya karɓi kuɗin watansa ya tafi a ƙarshen damina. Aka kawo wani daga wani gidan. Babu abin da ya sauya.

## Nuwamba 1994 zuwa Janairu 1995: littafin

Dillalin ya fara cin mu tara a kan duk fim ɗin da ya koma da ɓarna. Manaja ya fusata, ya ce tunda akwai ɗan boko a ɗakin, in riƙa rubuta halin da kowane faifai ya zo da shi da halin da ya koma, don a sami hujjar da za a kai ofis. Ya ba ni littafin makaranta mai shafi 40.

Da na dawo daga makaranta sai in ɗora faifai a teburin naɗi, in juya a hankali, zaren yana ratsa tsakanin babban yatsana da manuni. Baba ne ya nuna mini: ba da ido ake duba fim ba, da yatsa ne. Ramin da ke lafiya santsi gare shi. Wanda ya fara ciwo za ka ji ɗan ƙaiƙayi a bakinsa, kamar an tsaga shi kaɗan daga kusurwa. Wanda ya yage kuwa zai kama fatar yatsanka. Na riƙa rubuta lambar faifai, yawan haɗin da ke ciki, wuraren rauni, sannan da dare in ƙara injin da ya hau da inda ya tsinke.

Makonnin farko rubutun bai nuna komai ba sai cewa duka injinan suna tsinka fim, na dama ya ɗan fi. Abin ya fito ne a wani fim da ya zo da ɗan sauƙin rauni muka riƙe shi dare huɗu. Bayan daren farko faifai na biyu da na huɗu da na shida suka kwana da sabon ƙaiƙayi a ramukansu daga farko har ƙarshe, na ɗaya da na uku da na biyar kuwa yadda suka zo haka suke. A dare na biyu an fara da ɗan faifan tallar fim mai zuwa, sai jerin ya juya, masu mara, wato na ɗaya da na uku da na biyar, suka koma injin dama. Daren nan faifai na huɗu ya tsinke a injin hagu. Da safe masu mara su ma sun kamu.

Na kai wa Baba littafin. Ba ya karatun boko sosai, sai na karanta masa layi-layi. Ya ce in maimaita. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ɗana, ɗauko min farin zaren can na cikin kwali.”

Akwai ragowar sabon zare marar hoto da yake ɓoyewa tun shekarun baya. Ya yanko guda biyu, kowanne kamar kamu uku, ya haɗa bakin kowanne ya zama zobe. Ya saka ɗaya a injin hagu, ɗaya a na dama, ba tare da kunna fitila ba, ya bar su suna zagayawa minti biyar. Na hagu ya fito lafiya. Na dama tun kafin lokacin ya cika ya fara ƙara, da aka ciro shi kowane rami ya tsage ta gefe guda. Baba ya kwance gargaren, ya fita da shi rana, ya ɗora tabarau biyu. Haƙoran da ya kamata su miƙe sun cinye ta gindi, kansu ya lanƙwashe kamar lauje. Maimakon haƙori ya shiga rami ya fita salin-alin, sai ya fita yana ƙwagular bakinsa.

Shi da kansa ya haɗa sauran bayanin. Cinyewar haƙoran ce ta kawo rawar hoto tun Disambar 1993. Ƙara matsi ya tsayar da rawar, amma ya sa haƙoran suna jan zaren da ƙarfin da ya wuce kima, su suna ƙara cinyewa, ramukan suna ƙara yagewa. Tsohon zare da ya bushe ya ɗan tsuke, ramukansa ba sa faɗa wa haƙora daidai, don haka shi ya fi jin jiki. Kuma faifan da injin dama ya raunata yau, gobe yana iya tsinkewa a injin hagu. Da yamma Baba ya sami Alhaji ya ce masa, “Allah ya ƙara arziki, ciwon a ɗakina yake, kuma ni na matse sukurun da hannuna.”

## Azumin 1995: gyara

Azumi ya kama a farkon Fabrairu, gidan yana rufe, aka sami wata guda. Sabon gargare ba ya samuwa a Kano. Baba ya tuna wani gidan silima da ya mutu a wani gari, mai inji irin namu. Ya hau mota ya je, ya dawo da gargare biyu da faratan ƙofar haske a naɗe cikin tsumma. Kuɗinsu da na mota bai kai abin da janareto ke sha a mako ba.

Aka sauya na dama, aka ajiye ɗayan. Aka sassauta matsin duka injinan har hoto ya fara rawa, sannan aka ƙara kaɗan-kaɗan zuwa daidai inda rawar ta tsaya, aka ɗiga jan fenti a kan sukurun don a gane in wani ya taɓa. Aka kankare dauɗar salatif da tsinken itace, domin ƙarfe yana barin zane. Baba ya hana salatif shiga ɗakin.

Duban rana ya zama ƙa'ida. Ramin da ya fara tsagewa ba a cire hotonsa, sai a gyara bakinsa da almakashi ya zama ɗan lanƙwasa mai santsi yadda ba zai kama ba. Inda dole sai an yanke, hoto biyu ko uku ake cirewa, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tsofaffin haɗi a sake su da gam. Gwangwanaye suka bar kusa da injin suka koma ɗakin ƙasa inda randa take, tagogin haske kuma aka sa musu gilashi. Bayan kowane faifai a goge ƙofar haske kafin a saka na gaba.

Shawara guda ta fito daga mai sayar da tikiti. In fim ya tsaya, a kunna fitilar fili nan take, manaja ya ɗauki lasifika ya faɗi abin da ya faru da mintin da za a jira. In aka kasa ci gaba, ko ruwan sama ya tashi kallo, guntun tikitin yau zai shigar da mutum gobe. Alhaji ya yi jinkiri, daga baya ya amince.

## Maris 1995 zuwa rufewa

A makon Ƙaramar Salla, farkon Maris, fim ya tsinke sau ɗaya, a tsohon haɗin da ya zo da shi. Cikin watannin da suka biyo littafin ya nuna an koma sau ɗaya a mako biyu ko ƙasa da haka, har a hunturun da ya zagayo. Dillalin ya daina cin tara, daga baya ma ya fara turo mana kwafi masu ɗan kyau kafin wasu gidajen, tunda suna komo masa da gyara. Aka sallami masu gora. 'Yan benci sun dawo da wuri. Masu kujerun baya sun dawo a hankali, kuma ba duka ba. Ciniki ya tsaya a kamar kashi uku cikin huɗu na 1993.

Bayan na bar aikin gidan ya sayi majigin bidiyo. Fina-finan Hausa na kaset, da suka faro a Kano a 1990, sun riga sun karɓi kasuwa, kuma kaset ya fi hayar gwangwanaye arha nesa ba kusa ba. Aka lulluɓe injinan biyu da tamfol, Baba ya koma gida. An ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jiha a 2001 da sababbin sharuɗɗa ga gidajen kallo, ga kuma bidiyo a kusan kowane gida. Ba a daɗe ba mai gidan ya sayar da filin. Yanzu rumbun ajiye kaya ne.

## Abin da nake gani

Duk dalilan da aka kawo a 1994 suna da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suka daɗe. Kwafin tsofaffi ne, hunturu yana busar da zare, wuta tana hawa da sauka, ƙwallo ta ɗauke mutane. Amma duk waɗannan sun sami sauran gidajen garin, kuma su ba a kwanta a ƙasan ɗakin majiginsu ana jifa ba. Maganar da ta fi kowacce kusa da gaskiya ita ce ta ma'aikacin ofishin dillali tun Afrilu, aka ƙi ta saboda bakin da ta fito. Wata tara aka yi an bar jaki ana dukan taiki.

Salatif da almakashi sun kasa ne don suna bin wurin da zare ya tsinke, alhali ɓarnar tun daren jiya aka yi ta. Janareto ya kasa don ba a gwada zaton ba kafin a kashe kuɗi. Dare ɗaya da janareton haya ya isa ya nuna ba wuta ba ce. Littafin ya yi aiki don ya raba injin da ya raunata faifai da injin da faifan ya tsinke a kai, abin da idon mutum uku masu aiki cikin zafi da ihu ba zai iya riƙewa ba. Gwajin zoben kuwa minti biyar ne, Baba ya san shi tun yana saurayi. Bai yi shi ba don bai taɓa zargin injinsa ba, kuma ina girmama shi har yau kan yadda ya je da ƙafarsa ya faɗa.

Sauya gargare ya gyara fim, amma a ganina fitilar fili da lasifika da guntun tikiti ne suka dawo da mutane. Wanda aka bari cikin duhu bai san ko wuta ce ko sata ce ba, dole ya yi ihu. Gyaran bai ceci gidan daga bidiyo ba, ba kuma zai iya ba, sai dai ya ba ma'aikata goma sha wani abu ƙarin shekarun albashi a lokacin da abinci ya yi tsada.

Abin da ba a gyara ba shi ne na mataimakin da aka kora. Bayan an gano gargaren Baba ya nemi a dawo da shi, aka ce an riga an ba wani gurbin. Ba a biya shi komai ba, kuma daga Alhaji har manaja babu wanda ya aika masa cewa ba laifinsa ba ne. Baba ne ya neme shi ranar wata Juma'a a tashar da ya koma yana gyaran rediyo, ya kai masa tsohon gargaren ya gani da idonsa. Wannan haƙƙi yana kan gidan, kuma an sayar da filin ba a sauke shi ba.